Janwen Ruwa: Yadda Muka Mayar da Motar Rimot Jirgi

Waɗanda suka bi ta bayan ɗakin gwaje-gwaje ranar Larabar da ta wuce sun ga cincirindo a bakin kwamin ruwa, har wasu suka zaci faɗa ake yi. Ba faɗa ba ne. Wani ɗan jirgi ne da bai wuce tsawon rula ɗaya da rabi ba yake jan baho mai ɗauke da bulo, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Mu ne muka haɗa shi, mu shida 'yan aji biyu da ke cikin kulob ɗin JETS, kuma biyu daga cikinmu 'yan wannan kulob na 'yan jarida ne. Tun daga ranar ake tare mu da tambaya, shi ya sa muka ga gara mu rubuta bayanin a allo kowa ya karanta, har da kurakuran da muka tafka.

Da farko, wane irin jirgi ne? Kowa ya san janwe, motar nan da ke zuwa ta ja tirelar da ta lalace a hanyar Zariya ko ta Gusau. To, a ruwa ma akwai janwe. Manyan jiragen da ke kawo kwantena daga ƙasashen waje ba sa iya juyawa da kansu a wuri mai matsi, kuma ba su da birki irin na mota. Idan suka iso tasha kamar ta Apapa a Legas, sai ƙananan jirage masu ƙarfi su fito su tarye su, wani ya ja da igiya ta gaba, wani ya tura da hancinsa ta gefe, har a jingina ƙaton a inda ake so. Kada wani ya ce ina ruwanmu da wannan tunda ba mu da teku. A 2024 aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta kan tudu a Funtuwa, kuma duk kwantenar da ta tsallako teku, kafin a ɗora ta a bayan mota ta nufo arewa, sai da irin waɗannan ƙananan jirage suka taimaka wa jirgin da ya ɗauko ta.

Abin da ya sa muka zaɓi janwe shi ne labarin da malamin kimiyya ya ba mu. Ranar 23 ga Maris 2021 wani jirgi mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya karkace ya toshe mashigin Suez a ƙasar Masar. Mita 400 fa, wato kusan filin ƙwallo huɗu a jere. Kwana shida yana maƙale, ɗaruruwan jirage suka yi layi suna jira. Sai da aka yashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ruwa ya ƙaru, sannan jiragen janwe fiye da goma suka haɗu suka fizgo shi ranar 29 ga watan. Da Malam ya nuna mana hoton a wayarsa, janwen sun yi kama da tururuwa a jikin fara. Nan take muka ce shi za mu yi.

Kayan da muka yi amfani da su babu wanda aka sayo daga nesa. Jikin jirgin galan ne na man gyaɗa mai lita biyar, muka kwantar da shi muka yanke gefe ɗaya. Sai sifok na keke, da bututun biro da ya ƙare, da robar bawul, da gwangwanin madara, da basilin, da gam. Zuciyar aikin kuwa motar rimot ce ta ƙanin ɗaya daga cikinmu, wadda tayarta ta gaba ta karye tun bayan Sallah. Yaron bai yarda ya bayar ba sai da aka yi masa alkawarin shi zai fara tuƙawa, kuma idan an ƙona masa za a biya shi sabuwa. Ku riƙe wannan alkawarin, za mu dawo kansa. Batir da gam kuwa da kuɗin tara muka saya, sati uku muna kallon mai ƙosai daga nesa.

Idan ka buɗe cikin motar rimot za ka ga abu uku. Akwai fanel, wato ɗan koren allon nan mai wayoyi. Akwai mota biyu, muna nufin ƙananan injinan lantarki, ɗaya a baya tana juya tayoyi, ɗaya a gaba tana karkatar da su hagu ko dama. Sai gidan batir. Lokacin da ka danna rimot, yana aika saƙo ta iska irin na rediyo, eriyar motar ta kama, fanel ya fassara saƙon ya buɗe wa motar da ake so wuta. Idan ya juya wutar, wato inda take shiga ya koma inda take fita, sai motar ta juya da baya. Shi ke nan sirrin. A ƙasan tamu an manna takarda an rubuta 27MHz, wato zangon da take sauraro ke nan, kamar yadda kowace tashar rediyo take da lambarta. Wani abin mamaki, ɗaya daga cikin abubuwan farko da aka nuna wa jama'a ana sarrafa su daga nesa da rediyo jirgin ruwa ne ɗan ƙarami. Nikola Tesla ne ya nuna shi a birnin New York na Amurka a 1898. Ashe mu tsohuwar hanya muka bi ba mu sani ba.

Haɗin farko mun yi shi cikin kwana biyu, muna ta murna. Mun huda bayan galan muka zura bututun biro muka liƙe da gam, muka sa sifok a ciki, muka haɗa kansa da bakin motar baya da guntuwar robar bawul. Farfela kuwa da almakashi muka yanko ta daga gwangwani, kunne uku, muka ɗan murɗa kowane kunne. Motar gaba muka sa ta riƙa kaɗa wata 'yar wutsiya ta gwangwani a bayan farfelar don juyawa. Don ya yi kyau har ɗakin direba muka yi masa da kwali, muka ɗora batir a samansa saboda sauƙin canzawa.

Muna sa shi a ruwa ya kife.

Malam yana tsaye bai ce komai ba sai da muka tsamo shi. Sannan ya ce, “Ku da kuke ganin lodin buhunan masara a kasuwa, wa ya taɓa ganin an sa masu nauyi a sama, an bar ƙasan mota fayau?” Kunya ta kama mu. Nauyin jirgi a ƙasa yake zama. Muka sauko da batir can ƙasan galan, muka ƙara yashi a ƙulle cikin leda. A nan ne muka gane darasin Archimedes da muka haddace don jarrabawa kawai. Mutumin ya rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma abin da ya gano shi ne ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mun gwada da kanmu: muka cika bokiti fal har baki, muka ajiye shi cikin baho, muka sa jirgin a hankali, muka auna ruwan da ya zube. Ya kusa lita ɗaya, jirgin kuma a sikeli ya kusa kilo ɗaya. Ke nan galan mai lita biyar, ko an yanke shi, yana da sauran wurin ɗaukar kaya sosai. Yashin ya yi mana wani amfani da ba mu zata ba. Da jirgin ba shi da nauyi, rabin farfelar a waje take, tana ta fesa ruwa da kumfa a banza. Da ya ɗan nutsa sai ta shige ruwa gaba ɗaya ta fara tura shi da gaske.

Kifewar nan ta kusa gama da mu, domin fanel ya jiƙe. Muka ruga da shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa. Tambayarsa ta farko ita ce, “Kun cire batir nan take, ko kun tsaya kuna danne-danne ku ga ko yana aiki?” Gaskiya mun ɗan danna sau biyu. Ya girgiza kai ya ce, “Samari, ruwa da wuta idan suka haɗu a fanel, cin sa suke yi.” Ya goge shi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya ce mu shanya shi kwana biyu kada wanda ya taɓa. Kwana biyun nan mai ƙani bai yi barcin kirki ba, don kullum yaron sai ya tambaye shi ina motarsa. Allah ya taimake mu ya tashi. Daga nan muka sa fanel cikin robar man shafawa mai murfi, muka huda ƙaramin rami don wayoyi muka toshe da gam. Bututun biro kuma muka ɗura masa basilin, muka ɗaga bakinsa na ciki ya fi saman ruwa tsayi, saboda ta nan ruwa yake satar hanya.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake. Jirgin ya fara tafiya, har da ɗan gudu, amma da muka ɗaura masa baho sai ya tsaya yana ƙugi kawai, motar ta yi zafi. Gardama ta kaure tsakaninmu. Wasu suka ce a ƙara batir. Wani ya kawo batir biyu na tsohuwar tocila mai caji, irin dogayen nan masu bolt 3.7 kowanne. Baba mai gyaran rediyo ya hana. Ya ce motar an yi ta ne don batir huɗu masu bolt 1.5, wato bolt 6, waɗancan biyun kuwa idan sun cika caji sun haura 8, fanel zai iya ƙonewa. Ya ƙara da cewa irin batir ɗin nan idan ya kumbura ko ya huje yana iya kama wuta, ba abin wasan yara ba ne. Muka haƙura.

Amsar tana gonakinmu. Babur ya fi tarakta gudu, amma wa zai ɗaura wa babur garma? Doki ya fi sa gudu, amma da shanu ake huɗa. Janwe saniyar huɗa ce, ƙarfi ake nema a wurinsa. Ƙaramar motar lantarki tana juyi da sauri ƙwarai amma ba ta da ƙarfin murɗawa. Ƙaramar farfela mai saurin juyi ruwa kaɗan take turawa. Abin da janwe yake so shi ne babbar farfela mai juyi a hankali wadda take tura ruwa mai yawa. Da muka yanka babbar farfela muka haɗa kai tsaye, motar ta kasa juya ta sosai. Sai muka tuna da giyar da muka cire muka jefa a kwali tun ranar farko don muna ganin ba ta da amfani. Muka ƙirga haƙora: ƙaramar da ke bakin mota tana da 10, babbar tana da 40. Ma'ana sai mota ta juya sau huɗu kafin babbar ta juya sau ɗaya, gudu ya ragu kashi huɗu, ƙarfin murɗawa ya ninku kusan huɗu. Irin abin da direban tirela yake yi ke nan idan ya sa giya ɗaya a hawa. Muka mayar da gidan giyar yadda yake, muka cire taya, muka juya shi yadda ƙarfen tayar zai kalli baya, muka haɗa shi da sifok.

Ta yaya muka san ya ƙara ƙarfi, ba idonmu ne yake yaudararmu ba? Manyan janwe ana gwada su ne ta hanyar ɗaure su da igiya a jikin turken ƙarfe na bakin tasha, a ba su wuta duka, a auna ƙarfin da suke ja. Da yawa daga cikin na zamani suna jan tan 50 zuwa 70. Mu ma muka kwaikwaya. Muka ɗaura zare a jirgin, muka bi da shi ta kan biro a bakin kwami, muka rataya kofin roba a ɗaya ƙarshen yana lilo a waje. Ɗaya ya danna rimot, ɗaya yana zuba ruwa a kofin da sirinji har sai jirgin ya kasa ci gaba. Tunda mililita ɗaya giram ɗaya ce, lissafin ba wuya. Da ƙaramar farfela mililita 30 ta tsayar da shi. Da giya da babbar farfela sai da muka kai 70. Mun maimaita sau uku-uku da sabon batir, don ranar farko mun yi kuskuren gwada na biyun da batir da ya gaji, har muka kusa cewa giya ba ta da amfani. A ganinmu wannan kofi da sirinji sun fi komai daraja a aikin, domin daga ranar gardama ta ƙare. Duk wanda ya kawo shawara sai a ce masa, “Zo mu kai wa kofi.”

Matsala ta gaba ita ce juyawa. Wutsiya ba ta aiki sai ruwa yana gudu a jikinta, janwe kuwa a hankali yake tafiya, musamman da kaya. Namu sai ya zagaye rabin kwami kafin ya juya, ga shi kullum yana karkata gefe ɗaya saboda murɗawar farfela. Wata malama da ta ga wahalarmu ta kawo mana mushen motar ɗanta, iri ɗaya da tamu. Allah ya saka mata da alheri. Muka cire wutsiyar gaba ɗaya, muka yi farfela biyu, hagu da dama, kowacce da motarta da giyarta. Wayoyin gaba da baya muka ba ta hagu, wayoyin hagu da dama muka ba ta dama. Kunnuwan farfelar biyu muka murɗa su saɓanin juna don karkatar ɗaya ta kashe ta ɗaya. Yanzu idan duka biyun suka tura gaba, jirgi ya miƙe. Idan ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, sai ya juya a inda yake kamar mai neman abin da ya yar. Kofi kuma ya kai mililita 120. Sai dai tuƙin yana rikita mutum, domin maɓallin da aka zana wa hagu yanzu gaba yake nufi, sai da muka manna takarda a jikin rimot. Kuma ɓangaren fanel na hagu da dama ba a yi shi don dogon aiki ba, yana ɗumi, don haka duk bayan minti kaɗan muna hutar da shi.

Akwai gyara ɗaya da bai yi mana ba. Janwe da yawa suna da wani zobe da ya kewaye farfela, wanda wani Bajamushe mai suna Ludwig Kort ya fito da shi a shekarun 1930, yana ƙara ƙarfin ja idan ana tafiya a hankali. Muka yanko fayif na roba muka gwada. Sharaɗinsa shi ne bakin farfela ya kusa taɓa zoben amma kada ya taɓa. Namu sifok ɗin yana ɗan rawa, idan muka matse zoben sai ya goga, idan muka buɗa shi kofi ya ce babu bambanci. Mun cire shi.

Wurin ɗaura igiya ma darasi ne. Da a can ƙarshen baya muka ɗaura, sai kayan suka riƙe masa gindi ya kasa juyawa. Da muka duba hotunan janwe na gaske sai muka ga ƙugiyar tana kusa da tsakiyar jirgi, kuma a ƙasa-ƙasa, shi ya sa bayansu yake fili babu gini. Muka matso da tamu. Amma a kula, idan igiya ta koma tana jan jirgin ta gefe, tana iya kifar da shi. Wannan haɗari ne da yake kifar da janwe na gaske har a rasa rayuka, shi ya sa ƙugiyarsu take da abin saki na gaggawa. Namu sau ɗaya ya kusa, robar man shafawa ce ta kwantar mana da hankali.

Wasu sun ce me ya sa ba mu kai shi dam ɗin Mairuwa ba, ko kududdufin bayan gari, inda zai sake. Mu ma mun so. Malam ya ce a'a, kuma da muka yi tunani mun ga gaskiyarsa. Rimot ɗinmu bai fi taku ashirin yake kaiwa ba, ko da muka miƙar da eriya tsaye a jikin tsinken tsintsiya. Idan jirgi ya wuce nan, ko batir ya mutu, ko ciyawa ta naɗe farfela, zai tsaya a tsakiyar ruwa, kuma dole zuciyar wani ta raya masa ya shiga ya ɗauko. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suna da rami a inda ba ka zata ba, kowace damina muna jin labarin yaran da ruwa ya ci. Ga kuma tsargiya, ciwon fitsarin jini, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ke kwance mai dodon koɗi. Dokarmu ita ce idan har za a fita da shi daga makaranta, to da malami, da dogon kirtani a ɗaure a hancinsa, kuma babu mai sa ƙafa a ruwa.

Ranar Larabar da kuka gani, mai motar ne ya fara tuƙawa kamar yadda aka yi alkawari, ɗan aji uku na firamare, yayansa ya ɗauko shi a keke. Ya ja baho da bulo ɗaya daga wannan bango zuwa wancan. Ana cikin haka jirgin ya fara juyi shi kaɗai kamar mai aljanu. Ashe wani ɗan aji ɗaya ne ya zo da rimot ɗin gidansu a aljihu, shi ma 27MHz, yana danna wa daga bayan taro. Fanel ba ya tantance muryar mai shi, duk wanda ya yi magana a zangonsa shi yake bi. Sababbin rimot masu 2.4GHz ba su da wannan matsala, domin kowanne yana ƙulla alaƙa da motarsa ita kaɗai. Mun yafe masa, amma sai da ya ɗebo ruwan cika kwami.

Abin da ya rage mana shi ne mu samu sifok da ba ya rawa don mu sake gwada zoben, da kuma fanel mai 2.4GHz. Duk wanda yake da mushen motar rimot a gida, ko da babu taya, ya kawo ɗakin gwaje-gwaje ranar Laraba bayan an tashi. Amma ya tambayi mai ita tukuna. Namu mai motar ya ce jirgi ya yi kyau, sai dai shi mota ya bayar, kuma har yanzu yana jiran a mayar masa da mota.